Wurin Hajiya mai konfitir, abin da na gani da idona bayan kwalba 64

Tun ranar da na sa hoton kwalaben nan jajaye na konfitir, wato 'ya'yan itace da anka dafa da sukari har sunka yi kauri, a status mutane ke ta tambayata wai ina na saye, wasu ma cewa suke daga Yamai anka kawo, to ba saye na yi ba, mu munka dafa da hannunmu nan cikin Maradi, kuma tunda tambayar ta yi yawa na ce bari in zauna in rubuta sau guda kowa ya karanta, har da abin da bai yi mini ba a wurin, don kar gobe wata ta tahi ta ce na ɓoye mata.

Wurin da nike magana gidan wata Hajiya ce da ke sarrafa kayan marmari, tana yin konfitir da siro na bisap da na tsamiya da garin zogale, kuma tana bada hayar madafarta ga ƙungiyoyin mata na yini guda, ita da kanta ta tsaya kanku ta nuna muku yadda ake yi. Ba ni sa lambarta nan tunda ban nemi izininta ba.

Yadda anka yi na kai can shi ne ina cikin ƙungiyar uwayen ɗiya mata ta lakkwal ɗin unguwarmu, kuma har yanzu muna da aji biyu na zana. Duk wanda ke garin nan ya san abin da ya faru a watan Nuwamba na 2021, lokacin da gobara ta tashi a azuzuwan zana ta ci ƙananan ɗiya fiye da 20, tun daga ranar ni dai in na wuce na ga ɗiya zaune cikin zana sai gabana ya faɗi, ɗana na ƙarami a irin ajin nan ya yi shekararsa ta farko. To a taron da munka yi bayan an koma lakkwal sai anka ce mu nemi kuɗɗin kwano da ƙarfe ko da aji guda ne mu rufe, kowa ya kawo shawara, wata madam da ta taɓa zama Faransa wajen horo ta ce can iyayen ɗiya na shirya daren loto, wanda turawan Ingila da Amurka ke ce ma bingo, mutanen gari su taru a kira lambobi a ci kyauta, lakkwal ta samu kuɗɗi. Kahin ta ruhe baki wani dattijo ya ce a'a, caca ce, shi ba ya sa hannunsa. Kuma gaskiyarsa, don yadda suke yi can sayen katin ake yi, ka sa kuɗɗinka ko ka ci ko ka rasa. Anka yi ta ja, har sai da munka tura mutum biyu wajen malamin unguwa, shawarar da ya ba mu ita ce kar a saida kati ko guda, kowa ya shigo a ba shi kyauta, kyaututtukan kuma su zama na sadaka daga masu hali, kuɗɗin da muke nema mu neme su ta hanyar saida abinci da abin sha da kuma faifan gudummawa a bakin ƙofa. Haka munka yi, kuma dattijon nan shi ya kawo buhun shinkafa na babbar kyauta.

Ni anka ɗora ma neman ƙananan kyaututtuka da abin saidawa. Da fanke da gato kowa zai kawo, sai na tuna maɗin ɗinya da kakata ke yi mana a ƙauye wajen Madarunfa, baƙi ƙirin mai kauri, ta zuba cikin ɗan tulu mu riƙa dangwala da yatsa, na ce mi zai hana mu yi irin wannan amma cikin kwalba yadda zai yi kyan gani kuma ya daɗe. Na gwada gida sau biyu da soɓo. Na farko ya zama ruwa kamar bisap mai sukari da yawa, na biyu na barshi kan wuta har ya daskare kamar alewa, cokali ma ba ya shiga, sukari kilo 2 ya tahi a banza. Maƙwabciyata ce ta ce ki bar wahal da kanki, ga mai sana'ar nan.

Na tahi ranar wata Laraba da hantsi. Gida ne na talaka mai rufin asiri, an ware ɗaki guda da rumfa a gabansa, ƙasan an yi masa karo fari, akwai famfo da wurin wanke hannu da sabulu tun bakin ƙofa, kuma ba ka shiga da takalmin waje, akwai silifa da anka ajiye. Wannan ya fara kwantar mini da hankali. Murhun gas mai baki biyu, manyan tukwanen inokis, ƙarfen da ba ya tsatsa, guda 3 masu faɗin gindi, sikeli, rariyar ƙarfe, muciya doguwa wadda ba a taɓa tuƙa tuwo da ita ba, da ma'aunin zahi guda da take ajiyewa cikin gwangwani kamar zinariya. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, ta dube ni ta ce ɗiyata ku nawa ne kuma wace rana ce wasan, na ce mu 6 ne, saura kwana 17, ta ce to ku zo ranar Talata, ku sayi kayanku ranar Litinin tunda ranar kasuwa ce mutanen ƙauye na shigo da sabon kaya, kuma kar ki bari kowa ya saida miki kanya mai kore a jiki.

Kuɗɗin hayar yini jika 15, ciki har da gas da ruwa da ita kanta da yarinya guda mai taimaka mata. Sukari da kayan marmari namu ne. Kwalba kuma ita ke saidawa, ɗaya dala 50 da marhinta, in ka zo da naka ba ta hana ka amma sai ta duba bakin kowace da yatsa ko akwai tsaga. Da na ce mata don aikin lakkwal ne sai ta rage jika 3 ba tare da na roƙa ba.

Ranar Litinin munka shiga kasuwa ni da wata ƙawata. Disamba ce, lokacin kanya da magarya ke nan, ga sabon soɓo da anka gama cirewa bayan kaka, jajir har yana baƙi-baƙi. Munka sayi kanya tiya 4, magarya tiya 2, soɓo busasshe mai yawa, lemun tsami, da ɗan gwaba da munka samu wajen masu kawowa daga garake. Ɗinya kam ba mu samu mai kyau ba, wadda ke akwai ta bushe ta yi ƙura, lokacinta ya wuce. Ƙawata ta so mu nemi firez, jan ɗan itacen nan da ake nomawa lokacin sanyi wajen Wagadugu da Jos, don shi ne ke jikin hoton kwalaben da ake saidawa a alimantasiyo, amma Hajiya tun ranar Laraba ta ce mu bar shi, da tsada, ba ya jure hanya, kuma shi kansa ba ya kama jiki da sauƙi sai an taimaka masa.

To ga abu na farko da bai yi mini ba. An ce mana ƙarfe 8, mun zo 8 saura, mun bar gidajenmu da aikinmu, wata ma da goyo, sai munka tarar wani aikin siro na jiya bai ƙare ba tukwane biyu na cike, sai da munka zauna har kusan 10 kahin a wanke a ba mu wuri. Ba ta ba mu haƙuri da baki ba, amma ta aiko mana da kunu da ƙosai. Ni dai da an faɗa mini 10 da na zo 10.

Amma da anka fara aiki sai na manta da ɓacin ran, don abin da matar nan ta sani a kanta ya hi tukwanen da gas ɗin daraja nesa ba kusa ba. Abu na farko da ta tambaye ni shi ne wace tukunya na yi amfani da ita a gida, na ce irin tamu ta dalma da maƙera ke zubawa, ta ce to shi ya sa launin ya dushe kuma kika ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe, tsamin soɓo da na lemu na cin jikin irin tukunyar nan, konfitir sai inokis ko mai fenti wadda ba ta ɓare ba. Kuma tukunyar ta zama mai faɗi ba mai zurhi ba don ruwan ya hita da sauri, in ka daɗe kana dahuwa ƙamshin ya gudu sukarin ya ƙone. Sannan ta ce abu 3 ne ke sa konfitir ya kama, sukari, tsami, da wani danƙo da Allah ya sa cikin 'ya'yan itace wanda 'yan boko ke kira pektin, in ɗaya ya gaza ba ya kamawa ko ka kwana kana juyawa. Soɓo na da tsamin kuma yana da danƙon, laihina kawai na tace shi na zubar da naman na dafa ruwan, alhali cikin naman abin yake. Wallahi da ta faɗi haka sai da na riƙe baki, don ni da hannuna na kai tukar nan ga awaki.

Kanya ita ce ta ba mu wahala kuma ita ce ta hi daɗi. Duk wanda ya taso yana tsintar kanya ya san ƙwallo ya hi nama yawa. Munka wanke ta sau 3, munka tsince masu tsutsa da waɗanda ba su nuna ba don bauri, anka zuba ruwa daidai ya ruhe ta anka tafasa har fatar ta saki, sannan munka zauna mu huɗu muna murza ta cikin rariya da bayan ludayi, hannu ya gaji, kafaɗa ta gaji, tiya 4 ɗin nan da kamar za ta cika ɗaki ta koma ɗan kaskon nama ruwan ƙasa-ƙasa wanda bai kai kilo 4 ba. Hajiya ta lakata da yatsa ta ɗanɗana ta ce zaƙi ya isa amma babu tsami ko kaɗan, a matso lemu. Ta sa munka matse lemun tsami, kuma ta hana a zubar da 'ya'yan lemun da farin ɓargon da ke cikin ɓawo, ta tattara su ta ƙulle cikin wani farin ƙyalle mai tsabta kamar ƙullin daddawa ta jefa cikin tukunya, ta ce danƙon da kanya ta rasa yana nan ciki. Kowane kilo na nama ta auna masa sukari giram 800. Wata cikinmu ta ce Hajiya sukarin bai yi yawa ba, mutane na tsoron ciwon sukari yanzu, ta ce ɗiyata in kina da firigo kuma kin tabbata wuta ba ta ɗaukewa to ki rage, amma in kan kanta za ki ajiye shi cikin zahin Afrilu na Maradi sukarin nan shi ne mai gadi, ki rage shi kwana kaɗan ki ga hunhuna ta yi fari a sama. Mai ciwon sukari kuma ta ce ba abincinsa ba ne, kar mu ruɗe kowa da cewa na gargajiya ne.

Da ya fara tafasa kumfa ta taso, ta ba ni ludayi ta ce kwashe, ki riƙa juyawa daga gindi kar ki ɗaga hannu. Tun yana ɓul-ɓul da sauri kamar ruwa har sautin ya canza ya koma nauyi kamar talge, yana tartsatsi, ɗigo guda ya faɗo mini a bayan hannu, har yau tabon na nan, ita kuwa tun kahin nan ta naɗe hannunta da tsumma. Ta tsoma ma'aunin ta nuna mana, ta ce tsakanin digiri 104 da 105 ake nema, amma ta ce kar mu dogara da shi tunda ba kowace ke da shi a gida ba. Ta ɗauko wani ɗan faranti da ta ɗora kan ƙanƙara tun ɗazu, ta ɗiga kaɗan, ta jira kamar minti guda, ta tura da ɗan yatsa, sai saman ya tattare ya yi yamutsi kamar fatar madara, hanyar da yatsan ya bi ba ta ruhe ba. Ta ce kun gani, a kashe wuta. Ta sa kowace cikinmu ta tura da yatsanta don hannu ya san abin, ba ido kaɗai ba. Wannan minti gudan ni a wurina ya biya jika 12 ɗin da munka bada.

Na soɓo bai ba da wahala ba, an jiƙa shi tun dare, anka dafa shi da ruwan jiƙon har ya yi laushi, anka markaɗa, sukari kilo da kilo don tsaminsa, ɗan citta da kanumfari kaɗan, cikin ƙanƙanin lokaci ya kama. Rabinsa munka haɗa da gwaba. Magarya kuwa gaskiya ba ta yi ba. Tana da yauƙi, ta hito kamar kunu mai kauri launinta ba kyau, Hajiya ta faɗa mana tun farko ita ba ta yin ta zalla, mu munka nace, ƙarshe sai da anka tsarma ta da soɓo kahin ta ciwu. Magarya a bar ta a akurinta, can ta hi kyau.

Kwalaben an tafasa su minti 10 su da marahensu, anka kihe su kan tsabtataccen zane, kuma ana zubawa ne da zahinsa, kwalba da zahi konfitir da zahi, in ka zuba mai zahi cikin mai sanyi tana iya fashewa. A bar ɗan wuri a sama kamar faɗin yatsa, a goge baki, a murɗa marhi da ƙarhi, a kihe ta kai ƙasa na ɗan lokaci sannan a mayar. In ta huce tsakiyar marhin zai lotsa ciki, in ka danna ba ya ƙara. Mun gama bayan la'asar da kwalba 64.

Ga babban abin da ya ɓata mini rai. Kwalaben da take saidawa ba sababbi ba ne, na mayonez ne da makamantansu da ake tarawa, wannan ba laihi ba ne don kwalba ba ta tsufa, amma marahen ma tsoffi ne, kuma ba ta faɗa mana ba sai da munka gani. Washegari da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, 7 na yin ƙas-ƙas, ba su kama ba, biyu ma akwai tsatsa a cikin marhin. Ga wanda zai ajiye abin wata da watanni wannan ba ƙaramin abu ba ne, abinci ne za a ba yara. Na kwashe su na koma. Na yi zaton za a yi ja-in-ja, amma ta karɓa ta danna da kanta, ta ce kina da gaskiya, ta juye su ta sake tafasawa ta canza marahe ba ta karɓi ko dala ba, ta ce sababbin marahe sai an yi saƙo daga Kano ko Yamai kuma ba kullum ake samun daidai bakin kwalbar ba. Na yarda da uzurinta, amma duk da haka ya kamata ta faɗa tun wajen ciniki, kuma mai tsatsa bai kamata ya shiga cikin kwandon ba sam. Duk mai zuwa ta zauna ta zaɓi marahenta da kanta, ta duba farin robar da ke ciki ko ta ɓanɓare.

Sai ƙananan abubuwa. Ɗakin taga guda gare shi, cikin Disamba ma mun yi zuhwa, ban san yadda ake aiki ciki ba lokacin bazara. Ba ta bada komi a rubuce, duk awon a kanta yake, in ba ki zo da kaye da bik ba za ki koma gida ki manta, ni ɗiyata ta CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tahi da ita bayan an tashi lakkwal ta rubuta mana. Kuma ba ta da takardar mannawa, mu munka yanka farar takarda munka rubuta sunan abin da ranar da anka dafa munka manna da sikoci.

Ƙwallayen kanya da na magarya da munka tace na so in zubar, Hajiya ta ce ba kun ce wasan lambobi za ku yi ba, da mi za a riƙa ruhe lambar, ku wanke ku shanya. Ko madam ba ta yi wannan tunanin ba, da duwatsu ta ce a tsinto. Daga baya madam take gaya mana ai a Amurka ma da wake anka fara ruhewa, daga sunan waken ma sunan wasan na farko ya hito, kahin wani mai saida kayan wasan yara ya yaɗa shi da sunan bingo wajen 1929.

Daren Asabar anka yi cikin filin lakkwal, tabarmi a gaba na yara da mata, kujerun haya a baya na dattawa. Irin na Faransa munka bi mai lamba 1 zuwa 90, kowane kati layi 3 ne gida 9 a kowane layi amma lamba 5 kaɗai ke cikin layi, duka 15, mushe, wato malamin CM2, da ɗiyan ajinsa su sunka zana kati 200 da hannu kan kwali. Lambobin kuma an rubuta su cikin marahen kwalbar lemu 90 anka zuba cikin ƙwarya anka ruhe da faifai. Wanda ya fara cika layi guda ya ɗaga hannu ya samu kwalbar konfitir ko sabulu, wanda ya cika katin duka shi ke da babbar kyauta. Aikina shi ne tebur ɗin kyauta da saidawa, kuma in an ɗaga hannu in je in karɓo katin in karanta lambobin da ƙarhi a tabbatar. Mushe na kiran lamba da Faransanci, wata yarinya ta maimaita da Hausa, a nan ne anka sha dariya don daga 70 zuwa sama lissahin Faransanci sai an yi tunani, 90 a wurinsu huɗu sau 20 da 10 ne, yara ƙanana su yi tsuru sai yarinyar ta ce gomiya tara sannan ka ji ƙwallaye na sauka kan kwali. Madam ta ce a dare guda sun koyi abin da take fama da shi tun Oktoba.

Ana tsakiyar zagaye na 3 wuta ta ɗauke, sono ya mutu, kahin a tada gurup mutane sun kunna hitilun waya, mushe ya hau kan tebur yana kira da bakinsa, ba wanda ya tashi. A cikin duhun nan wata tsohuwa da ta rako jikokinta ta cika layi, ita ba ta san lamba ba jikanta ne ke ɗora mata ƙwallon, ya ja hannunta ya ɗaga. Na je da hitila na duba, daidai ne. Na miƙa mata ta kanya na ce Inna ga naki, ta juya kwalbar ta ce mine ne wanga, na ce kanya ce, ta ce kanya dai ta daji, na ce ita. Nan take ta sa jikan ya buɗe, marhin ya yi ɗas, ta lakata ta sa a baki ta yi shiru, sannan ta ce ɗiyata rabona da wannan ɗanɗanon tun ina yarinya muna kiwo bakin gulbi, ta ruhe ta ƙulle a bakin zanenta ta hana jikokin.

Kwalba 20 munka bayar kyauta, 44 munka saida jika guda-guda, kuma kahin a watse babu ko ɗaya, ta kanya ta fara ƙarewa, sai ta soɓo da gwaba, ta magarya ce ƙarshe. In an cire sukari da kwalba da haya ribar ba ta kai yadda na yi zato ba, sukari ya cinye kaso mai yawa, faifan bakin ƙofa ya hi mu kawo kuɗɗi. Duka abin da anka tara bai isa rufin aji ba tukuna, amma an sayi kwano an ajiye ofishin darakta, saura ƙarfe da kuɗɗin magini.

Wajen ci, ta soɓo da gwaba ita ce ta burodin sahe, tana shahuwa da kyau kuma tsaminta na tada mutum, yarana sun bar neman cakulan. Ta kanya ta hi dacewa cikin kindirmo ko a ɗiga kan masa. Wadda na saya na ajiye don gwaji tana kan kanta yau sati 6 ba a firigo ba, marhin na nan a lotse launin bai canza ba. Wadda anka buɗe kuwa a sa ta firigo, a riƙa ɗiba da busasshen cokali, kuma a ɗora kwalbar cikin faranti mai ruwa in gidan akwai kiyashi, nawa sun gano ta tun daren farko.

In don kanki ke kaɗai ne kwalba 3 ko 4 kike so, hayar ta yi miki tsada, gara ki saya cikin nata da ta riga ta yi. Amma ƙungiya ko 'yan adashi da za su haɗa kuɗɗi mutum 5 ko 6, ko mai son ta fara sana'a, ni na ce ku tahi, ku tahi da kaye, da tsumman naɗe hannu, ku tabbatar da lokaci tun daren jiya, ku zaɓi marahenku. Mu mun riga mun kama rana cikin watan Mayu lokacin da mangwaro zai yi araha, za mu yi wani daren kahin a tashi hutun ƙarshen shekara don cikon kuɗɗin ƙarhen, kuma wannan karon na ba wani ɗan uwan maigida da ke zuwa Kano saƙon sababbin marahe 100, na ba shi kwalba guda ya tahi da ita don a gwada bakin.